Wanki Ɗari da Hamsin

"Yaya, ka ƙara ce masa mai wankin kwalabe ka gani. Wallahi yau sai an ji kanmu a gidan nan!"

Auta ce ta faɗi haka. Tana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi, shayin na zuba mata a yatsu ba ta ma ji zafinsa ba. Yayanta kuwa ko a jikinsa. Ya hakimce a kujerar falo, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana shafa wa burodi bota kamar ba da shi ake ba.

"To me zan ce masa? Farfesa? Ba kwalabe yake wanke muku ba?"

"Shi ke riƙe da duk injinan ɗakin bincikenmu! Ranar da bai zo ba, abokin nan naka da kake taƙama da shi ko inda ake kunna su bai sani ba."

Mama ta leƙo daga kicin tana goge hannu da tsumma.

"Ke Auta, yayanki ne fa. Ki sassauta murya, babanku na ciki."

"Mama, shekarata talatin ba ɗaya. Har yaushe Yaya zai riƙa zaɓa mini miji kamar yana zaɓa mini takalmin makaranta?"

Shekara biyu ke nan ana wannan ja-in-ja a gidan. Auta na son Dogo, ma'aikacin ɗakin binciken da take karatun digirinta na uku a ciki, shi ma yana sonta kamar ya yi hauka. Yaya kuma ya kafa ya tsare, shi dai sai abokinsa Dakta, malami a sashen nasu, mai mota, mai gida, mai ɗan tumbi. Mama tana bayan Yaya, ba ta dai fito fili ta faɗa ba. Baba kuwa, tsohon mai haɗa magani a asibiti da ya yi ritaya, magana ɗaya ya yi ya rufe bakin kowa. Ya ce in Auta ta gama karatunta bana, ta kawo wanda take so. In shekara ta fita ba ta gama ba, zai zauna ya saurari shawarar yayanta.

Gama karatun kuwa a kan abu ɗaya ya rataya. Akwai magungunan da ake yi da garkuwar jiki, sinadaran nan da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta. A manyan tankuna kamfanoni ke samar da su, sai su fito cakuɗe da tarkace, dole a tace. Da bututun gilashi ake tacewa, an cika shi da wasu 'yan ƙwayoyi farare masu laushi kamar gari, kowace ƙwaya an manna mata wani furotin mai aiki kamar ƙugiya: garkuwar kaɗai yake cafkewa, dattin ya wuce. Inda gizo ke saƙar shi ne, bayan kowane aiki sai an wanke bututun da ruwan soda mai ƙarfi, irin na masu yin sabulu, sodan kuma cin ƙugiyar yake yi. Wanki talatin, arba'in, ta mutu, a zubar a nemi sabuwa.

Shekara uku Auta ta yi tana sauya wa furotin ɗin nan gini. Ta cire gaɓar da soda ke ci ta dasa wata, a gwada, ya rushe, ta share hawaye ta koma. Samfuri goma sha shida ne suka mutu a hannunta. Na goma sha bakwai ne ya sha wanki ɗari da hamsin yana nan daram. Da wannan sakamakon ta rubuta kundinta ta miƙa wa Farfesa, shugaban ɗakin binciken, shi ya sa ma Baba ya yarda kawun Dogo ya zo su gaisa yau da la'asar.

Yaya ya gutsuri burodi, ya tauna a nitse, sannan ya ce, "Ni fa ba faɗa ya kawo ni ba, gaskiya na zo faɗa miki. Dakta ya maimaita gwajin nan naki, mako biyu yana yi. Ya ce a wanki na arba'in abin naki ya zube. Sai ki je ki tambayi Dogon naki yadda aka yi ya kai ɗari da hamsin."

Auta ta galla masa harara.

"Ƙarya yake yi! Baƙin ciki ne da hassada. Ya rasa ta inda zai ɓullo sai ta aikina?"

"Ki je dai ki gani."

"Zan je! Kuma wallahi in na same shi da ƙarya, a gaban ɗalibansa zan wanke shi tas."

Ta dangwarar da kofin a kan teburi, ta fizgi jakarta. Mama na kiranta, ko waiwaye ba ta yi ba.

A ofishinsa ta samu Dakta, yana jujjuyawa a kujera, sanyin na'ura na kaɗa masa takardu. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Dakta, wa ya ba ka izinin taɓa samfurina?"

"A'a, ƙanwata, irin wannan shigowa haka? Zauna mana."

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Wa ya ba ka izini?"

"Farfesa. Wani kamfani ya nemi a aika masa abin naki ya gwada, ya ce in tabbatar kafin a aika. Ga abin da na samu."

Ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Layin ya taso a miƙe, yana zuwa wajen wanki na talatin da biyar ya fara sunkuyawa, a na arba'in ya gangara ƙasa. Auta ta san wannan gangarar farin sani, sau goma sha shida tana ganinta.

"Hannunka ne bai iya ba," in ji ta. "Rabonka da riƙe bututu tun yaushe?"

Dakta ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi.

"Na yarda hannuna ya yi tsatsa. Amma nawa sodan ni na haɗa abina. Naki fa, wa ya haɗa?"

"Kada ka soma! Ka fi kowa sanin ƙa'idar ɗakin nan."

Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce, Farfesa ne ya kafa ta, kuma ba ya wasa da ita. Wanda ya ƙera furotin ba shi ke gwada shi ba. Kowa ya cika bututunsa ya kai wa sakatariya, ita za ta cire suna ta manna lamba, ta rufe sunayen a ambulan, sannan ta miƙa wa Dogo. Dogo ya yi ta wanki yana aunawa, bai san na wane ne a hannunsa ba, sai ranar da aka gama a buɗe ambulan a gaban kowa. An yi haka ne don kada son zuciya ya shiga cikin aiki.

"Bututu shida aka ba shi," in ji Auta, "duk iri ɗaya, duk da lamba. Ta ina zai gane nawa? Wahayi aka yi masa?"

"Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan. Amma ki leƙa kabad ɗin ƙarƙashin famfo, bayan kwalayen safar hannu. Jarka biyu ce ta soda a ɗakin nan, ba ɗaya ba. Kin iya awo ai, ki auna da kanki."

Ta ja tsaki, ta bugo masa ƙofa har agogon bangonsa ya karkace.

Ba kowa a ɗakin binciken sai ƙugin firji. Ta tsuguna, ta ture kwalayen. Jarkar na nan, fara, ƙarama, an rubuta mata ƙarfin soda daidai da na babbar jarkar da kowa ke ɗiba. Rubutun Dogo ne, mai tsayi mai kwanciya, irin wanda yake yi mata a 'yan takardun da yake saƙala mata a littafi.

Ta ce a ranta, to me ye a ciki? Mutum ba zai ajiye jarka biyu ba?

Ta ɗebi na babbar jarkar ta zuba a kwalba, ta ɗiga ruwan gwaji, ya rikiɗe ya yi ja. Ta shiga sakin asid ɗigo-ɗigo tana kaɗawa. Sai da asid ya sauka zuwa layi na ashirin da biyar jan ya ɓace, yadda ya kamata. Ta wanke kwalbar, ta ɗebi na ƙaramar. Ta saki asid. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. Tana kaiwa na shida ruwan ya washe fari tas.

Ta sake. Shida. Ta canza kwalba, ta canza asid, ta sake. Shida dai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ko kwatan ƙarfin da ake buƙata bai kai ba. Ashe wata biyu cur da ruwa-ruwa aka yi ta yi wa furotin ɗinta wanka, ita kuma tana yawo tana washe baki ana taya ta murna. Ta sungumi jarkar ta nufi ɗakin wanki.

Dogo na can ya ba ƙofa baya, ya naɗe hannun riga, yana jera kwalabe a injin busarwa yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Da ya juyo ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Malama! Ke da na ce ki huta yau? Kawu ya taso tun safe, yanzu muka..."

Idonsa ya sauka a kan jarkar. Maganar ta maƙale.

Da ma a ce ya yi musu. Wallahi da ya buɗe baki ya ce bai san zancen ba, da Auta ta yarda, don neman abin yarda take yi ido rufe. Amma sai ya yi tsuru-tsuru, kwalbar hannunsa na ɗigar masa da ruwa a takalmi.

Ta dire jarkar a gabansa.

"Me ye wannan?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake! Me ye wannan?"

"Auta, ki zauna in yi miki bayani."

"Ba zan zauna ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka dubi Allah ka ba ni amsa. Da wannan ka wanke bututuna?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da shi ne."

Ta dafe bango.

"Ta yaya ka gane nawa? Sakatariya ce ta faɗa maka?"

"Ba ruwanta, wallahi ba ruwanta. Salatif ne."

"Wane salatif?"

"Wanda ake naɗe murfin bututu da shi. Kowa yankewa yake ya manne kawai. Ke kaɗai ce kike lanƙwasa bakinsa, ki bar ɗan kunne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ranar da kika ga na fasa farce wajen ɓarewa kike yin haka. Duk bututun da ya zo mini da kunne na san naki ne. Tun na tara nake ganewa."

Kai, duniya! Abin da ta yi don kada yatsansa ya yi ciwo, shi ya bi ya cuce ta. Hawaye suka ɓalle mata, na zafin rai, masu ƙona fuska.

"Tun na tara? To me ya sa ba ka faɗa ba a canza? Me ya sa?"

"Daɗi nake ji in na gane naki. Ban taɓa yin komai a kai ba, na rantse miki. Na tara, na goma, har na goma sha shida, gaskiyar abin da na gani na rubuta, kina kuka ina kallo. Kin manta yadda kika koma da na goma sha shida ya mutu? Kwana uku ba ki sa komai a bakinki ba. A ɗakin sanyi na tsince ki a zaune a ƙasa kina rawar ɗari, kin ce ke kin haƙura da karatun."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na goma sha bakwai ya zo. Ya yi kyau da farko, ya fi duk na baya. A wanki na talatin da biyar na ga ya fara sauka. Na duba kalanda, na ga watannin da suka rage, na tuna maganar Baba. Ga Dakta kullum yana gidanku, shi da Yaya. Na ce in wannan ya mutu shi ke nan, na rasa ki. Na ce bari in rage ƙarfin sodan na kwana ɗaya kawai, in ga ko zai tsaya. Ya tsaya. Na ce gobe zan faɗa miki. Goben ta zo kika shigo kina tambayata ko akwai wanda ke riƙewa a cikin shidan, idonki duk ya faɗa..."

"Rufe mini baki!"

Shi ma hawayen yake.

"Wata takwas!" Ta nuna shi da yatsa. "Yau wata takwas da wankin nan na talatin da biyar. Da ka faɗa mini a ranar, da na yi kukana na kwana uku na tashi, da yanzu na gama na goma sha takwas, ƙila har na goma sha tara. Na san gaɓar da zan taɓa, a littafina take a rubuce! Na ajiye ta don ka ce mini an gama. Ka sace mini wata takwas, Dogo, ka zauna kana kallona ina rubuta shafi ɗari biyu a kan ƙarya, har kana kawo mini shayi!"

"Don ina sonki ne..."

"Kada ka ƙara ambatar so a nan! Ka san kamfani ya nemi abin nan? Ka san da Dakta bai gwada ba aikawa za a yi? Su zuba masa sodan gaskiya, ya ruguje, ɓaraguzansa su bi maganin da za a ɗura wa marar lafiya a jijiya. Sunan wa ke kai? Naka?"

"Ban yi tunanin zai kai can ba."

"Ba ka yi tunanin komai ba! Na yi faɗa da yayana saboda kai. Na ɗaga wa mahaifiyata murya saboda kai, yau da safen nan, ko awa uku ba a yi ba. Duk wanda ya ce mini me na gani a jikinka, sai in ce shi ne mutum ɗaya a ginin nan da ba ya kallon fuskar kowa in yana awo. Ashe tawa fuskar kake kallo."

Dogo ya durƙusa a jiƙaƙƙen simintin, duk tsawonsa ya naɗe wuri ɗaya.

"Ki yafe mini. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, zan je wurin Farfesa da ƙafata, a kore ni, na yarda. Amma kada ki rabu da ni, Auta. Wallahi ban san yadda zan yi ba."

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Kai ma ba ka yarda zan iya ba. Yaya ya ce ba zan iya ba, Dakta ya ce ba zan iya ba, ban damu ba, don na san kana bayana. Ashe kai ne ka fara yanke ƙauna. Su da baki suka faɗa, kai da jarka."

"Ba haka ba ne..."

"Haka ne!"

Ya share fuska da hannun riga.

"To in kira Kawu in ce ya juya?"

"Tsoho ya taso tun safe ka ce ya juya? A'a. Ka zo. Ka zo ka zauna a gaban Baba ka kalli idonsa, in ga ko za ka iya."

Ta fita ta bar shi a durƙushe.

A baranda Dakta ya tare ta, hannu a aljihu. Daga ganinsa ka san laɓewa ya yi ya sha labari.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, abin nan ai mai sauƙi ne. Sai in rubuta cewa sodan da aka kawo daga sito ne ya zo da matsala. Ba wanda za a kora, sunanki ba zai ɓaci ba. In sa baki Farfesa ya ƙara miki lokaci. Ni dai abin da nake nema ki dube ni da idon rahama, ki daina gudu na."

Auta ta tsaya ta kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Wato ƙarya ɗaya ba ta ishe ni ba, ka zo ka ƙara mini ta biyu, in biya ka da aure?"

"Haba, ba haka..."

"Ka tono gaskiya, na gode, Allah ya saka. Amma ba don marasa lafiya ka tono ta ba, don ka samu abin riƙe ni ne. Mako biyu kana gani ba ka faɗa mini ba, sai ka kai wa Yaya a daren... a ranar da ka san baƙi za su zo. Matsa mini in wuce."

Ya matsa. Kai tsaye ofishin sakatariya ta shiga, ta ari biro da takarda, ta rubuta wa Farfesa layi uku a tsaye: sakamakon samfuri na goma sha bakwai ba daidai ba ne, kada a aika wa kowa, ta janye kundinta. Ba ta sa sunan kowa ba sai nata. Sakatariyar ta karanta ta dafe ƙirji.

"Malama, kin san bana ta wuce ki ke nan?"

"Na sani."

Ta sani sarai. Bana ta wuce, sharaɗin Baba ya faɗi, Yaya ya yi nasara. A motar haya ta haɗa kai da gilashi ta yi ta kuka, wata dattijuwa a gefenta sai haƙuri take ba ta, ta zaci rasuwa aka yi mata.

Tana ɗaki a kwance da takalmi a ƙafa ta ji sallamar baƙi. Ta ji gaishe-gaishe, ta ji ƙarar kofuna. Can Mama ta turo ƙofa.

"Tashi ki wanke fuskar nan, babanku na kira. Me ya samu idonki haka?"

"Ba komai, Mama."

Ta fito falo. Baba na kujerarsa, tabarau a karan hanci. Kusa da shi wani dattijo siriri mai farin gemu, kawun Dogo, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Yaya na gefe ya harɗe hannu, bakinsa ɗauke da murmushin wanda ya san abin da za a yanke. Dogo na zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kansa kamar zai shige cikin gwiwoyinsa. Auta ta durƙusa ta gaishe da baƙon, ta zauna nesa, ba ta kalli inda Dogo yake ba.

Baba ya gyara murya.

"Auta, na kira ki ne don maganar taki ce, ba na so ki ji ta a bakin wani. Yayanki ya zo mini da zancen wai gwajinki ya lalace, ba za ki gama bana ba."

"Haka ne, Baba."

"To sai me? Gwaji ai lalacewa yake yi. Ni nan na sha haɗa magani ya ƙi, in zubar in sake. Sharaɗin nan da na sa, ba don takarda na sa shi ba. So nake in ga ko yaron nan zai iya jira, in kuma samu lokacin bincike. Na bincika."

Murmushin Yaya ya fara dusashewa.

"Baba, amma ai ka ce..."

"Ban gama ba." Baba ya ɗaga masa hannu. "Watan jiya da ƙafata na je har inda ya fara aiki, na samu mutanen da muka yi zamani tare. A sana'armu ba mai kuɗi muke nema ba, ba mai baki ba. Mutum muke nema wanda in an ce masa ɗigo uku, ko ba kowa a ɗakin, ukun zai sa. Duk wanda na tambaya ya ce mini haka yaron nan yake."

Wani sauti ya kuɓuce wa Dogo, kamar wanda aka taka wa ciki. Kawu ya dube shi yana murmushi, ya zaci daɗi ne.

"Saboda haka," in ji Baba, "ko kin gama ko ba ki gama ba, na janye sharaɗina. Na ba shi. Allah ya sa albarka."

"Alhamdu lillahi!" in ji Kawu, ya ɗaga hannuwa sama. "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci!"

Yaya ya miƙe fuu kamar zai tashi sama. Mama daga bakin labule ta ce masa ya zauna.

Auta kuwa jinta ta yi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Shekara biyu tana roƙon Allah ta ji kalmomin nan daga bakin Baba. Ga su yau an ba ta a hannu, kyauta, ba takarda, ba kundi, ba wanki ɗari da hamsin. Ashe da Dogo ya bar furotin ɗin ya mutu mutuwarsa, da yau ɗin nan sai dai guɗa. Ta ɗago ta kalli Dogo. Shi ma ita yake kallo, idanunsa jawur, leɓɓansa na motsi ba sauti, roƙonta yake ta yi shiru. Kuma shirun kawai ake nema daga gare ta. In ta sunkuyar da kai na minti ɗaya kowa zai ce kunya ce, a shafa addu'a a tashi. Tana sonsa, ko a wannan lokacin tana sonsa kamar ranta, kuma wannan ne ya ƙara hura mata wutar.

"Baba." Auta ta juyo gare shi. "Ba na so."

Hannuwan Kawu suka tsaya a sama.

"Me kika ce?" in ji Baba.

"Na ce ba na so. Ka yi haƙuri, Baba. Kawu, ka yi haƙuri da wahalar hanya."

"Ikon Allah!" Yaya ya tafa hannu. "Ai na faɗa muku! To sai a kira Dakta..."

"Ko shi kaɗai ya rage a duniya, Yaya! Kada ka ƙara kawo mini sunansa."

Mama ta shigo falon gaba ɗaya, ta manta da baƙo.

"Ke Auta, kanki ɗaya? Shekara biyu kin hana mu sakat a kan yaron nan, yau an ba ki kin ce ba kya so? Wasa kike da mu?"

Baba bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya zuba mata ido.

"Ke nake sauraro. Zaginki ya yi?"

"A'a."

"Wata kika kama shi da ita?"

"A'a, Baba."

"To me ya yi miki?"

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Tausayina ya ji, Baba."

Kowa na kallon kowa. Baba ya juya a hankali, ya dubi Dogo ta saman tabarau.

"Kai, yaro. Ɗago ka dube ni. Wane irin tausayi?"

Auta ta miƙe ta fita. Tana kaiwa ƙofar ɗakinta ta ji muryar Dogo ta fara, yana cewa, "Baba, akwai wata jarka..." Ta shige ta murza makulli, ta toshe bakinta da hannu biyu don kada ya ji kukanta ya kasa ƙarasawa.